Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni: darasin manoman Maraɗi da Damagaram

Duk wanda ya saba zaman fada da maraice, ko a Yamai ko a Tawa, ya san inda hira take ƙarewa. Ana fara ta da tsadar buhun hatsi, a gangaro kan albashin da ba ya kai ƙarshen wata, a biyo ta kan kasuwar da ta ƙi ci. Kafin a zuba shayi na uku an riga an samu mai laifi: ko gwamnati, ko Turawa, ko maƙwabtan da suka rufe iyaka. In an rasa wanda za a ɗora wa, sai a ce ƙaddara ce, kowa ya kaɗe rigarsa ya nufi gida. Da yawa daga cikin waɗannan koke-koke suna da tushe, babu mai musun haka. Amma akwai wata tambaya da ba a cika jin ta wurin shan shayi ba: a cikin wannan hali da nake ciki, wane kashi ne yake hannuna, me kuma na yi da shi?

A ƙasar nan akwai mutanen da suka amsa wannan tambaya da gatari da adda, a cikin gonakinsu. Yawancinsu ba su shiga lakkwal ba, ba su da albashi, ba su da jari. Su ne manoman jihohin Maraɗi da Damagaram, waɗanda suka mayar da itatuwa cikin ƙasar da kowa ya riga ya sallama wa hamada.

Lokacin da icce ya zama abin gudu

Dattawa suna tuna zamanin da daji yake kewaye da garuruwa. Jama'a ta yi ta ƙaruwa, noman gyaɗa ya bunƙasa tun zamanin mulkin mallaka, aka kuma koya wa manomi cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share ƙal, yadda garmar shanu za ta wuce babu tuntuɓe. Sannan farin 1973 da 1974 ya zo ya kashe dabbobi da itatuwa, talaka ya koma saran abin da ya rage yana sayarwa don ya samu na tuwo.

Doka ma ta taimaka wajen ɓarnar. Dokar daji ta Faransawa ta 1935 ta sa itatuwa ƙarƙashin ikon hukuma, dokar ƙasa ta 1974 kuma ta bi sawunta. Manomin da ya sare reshen gawo cikin gonar da ya gada daga ubansa yana iya haɗuwa da tarar ma'aikatan gandun daji. Saboda haka ya ga cewa icce a gona rigima ce kawai: ba shi da ikon mora, ga tsoron tara. Kowace bazara, lokacin sassabe, sai ya sare duk tohon da ya fito, ya tara, ya sa wuta.

Sakamakon bai ɓuya ba. Da farkon damana iska takan taso da rairayi ta yanke ƙananan shuka ko ta binne su, sai manomi ya sake shuka sau biyu, sau uku, har irin ya ƙare. Mata suna tafiyar sa'o'i neman iccen girki, in ba su samu ba su ƙona kara da kashin shanu, wato abin da ya kamata ya zama takin gona.

Hukuma ba ta naɗe hannu ba. Tun 1975 aka mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa, kuma cikin watan Mayu na 1984, zamanin Janar Seyni Kountché, aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. An kashe kuɗi masu yawa wajen renon dashe, an raba dogon yaro da turare a ƙauyuka. Amma mafi yawan abin da aka dasa bai rayu ba: rana ta ƙone wasu, gara ta ci wasu, awaki suka ƙarasa sauran. Iccen da aka ce na kowa ne ba shi da mai ba shi ruwa.

Dajin da yake ƙarƙashin ƙasa

A 1981 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Toni Rinaudo, ya iso Maraɗi yana aiki da ƙungiyar mishan ta SIM. Shi ma ya yi ta dashe yana asara, har ya kusa fid da rai. Wata rana a 1983, a kan hanyar wani ƙauye, ya tsaya rage iskar ƙafafun motarsa saboda rairayi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi irin waɗanda ya saba wucewa bai kula ba. Da ya dubi ganyen da kyau, sai ya gane toho ne na iccen da aka sare da daɗewa. Kututturen yana nan da rai, saiwoyinsa sun yi nisa cikin ƙasa inda danshi yake. Irinsa kuwa ba su ƙidayuwa cikin gonaki: sabara, kalgo, geza, taramniya, magarya, aduwa, gawo.

Dabarar da ta fito daga nan ba ta bukatar kuɗi. Maimakon a sare tohon duka, manomi ya zaɓi rassa mafiya ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya datse sauran, ya rage ƙananan rassan gefe, ya kiyaye su daga wuta da dabbobi. Tun da saiwa ta riga ta kafu, iccen yana girma da saurin da dashe ba ya yi. Manoma suka sa wa aikin suna sassabe zamani. A gaskiya ma ba baƙon abu ba ne ɗungum: a ƙasar Damagaram an daɗe da sanin darajar gawo, wanda yake kaɗe ganyensa da damana ya bar wa hatsi rana, ya taki ƙasa, ya ba dabbobi ƴaƴa da rani, har sarakunan da suka hana saransa tare da horo mai tsanani.

Inda hanya ta rabu biyu

A nan ne labarin ya shafe mu duka. A 1984 damana ta ɓaci, yunwar da talakawa suka sa wa suna El Buhari ta sauka, ga iyakar Najeriya a rufe. Aikin su Rinaudo ya shiga raba abinci a ƙauyuka wajen 100, bisa sharaɗin kowa ya bar toho cikin gonarsa. Mai jin yunwa ba ya gardama: aka raya itatuwa wajen 500.000 cikin ɗan lokaci.

Da aka samu amfanin gona, aka daina raba abinci, sai aka ga gaskiyar kowa. Kimanin kashi biyu cikin uku na itatuwan nan an sare su. Masu su sun yi aikin ne don buhun hatsi, da buhun ya ƙare sai niyya ta ƙare. Sauran kashi ɗaya kuwa aka bar su a tsaye.

Mu dubi wannan da kyau. Ƙasa ɗaya ce, ruwan sama ɗaya, talauci ɗaya, doka ɗaya. Wanda ya sare da wanda ya bari maƙwabta ne, watakila ma wa da ƙane. Abin da ya raba su shi ne shawarar da kowa ya yanke tsakaninsa da ransa. Kuma wanda ya bari bai same ta da sauƙi ba. An yi masa dariya, an kira shi raggo mai ƙazamar gona. An ce masa inuwa za ta kashe hatsi, tsuntsaye za su samu masauki. An shiga gonarsa da dare an sace rassan da ya yi shekara yana reno. Ba shi da takardar da ta ce iccen nasa ne. Duk da haka ya daure.

Bayan shekara biyu zuwa uku sai dariya ta fara raguwa. Matarsa tana samun iccen girki a gonar gida. Yana sayar da sanduna da gwafanni a kasuwa. Awakinsa suna da ganye da rani. Iska ta rage ƙarfi, ganyen da yake zuba ya gyara ƙasa, dammunan hatsi suka ƙaru. Maƙwabcin da ya sare nasa ya leƙo ta kan iyaka, ya gani da idonsa, ya koma ga kututturen da ya bari. Haka abin ya yaɗu daga gona zuwa gona, daga kasuwa zuwa kasuwa, mafi yawa ba tare da wani aikin raya karkara ya biya ko dala ba.

Abin da hotunan sama suka nuna

Shekaru wajen ashirin duniya ba ta lura ba. Sai bayan shekara ta 2000, masu bincike irin su Chris Reij ɗan Holan, Gray Tappan ɗan Amurka da Mahamane Larwanou ɗan ƙasarmu suka gwada hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 da sababbin hotunan tauraron ɗan Adam. Suka tarar da ƙauyukan da jama'arsu ta ninka, itatuwansu kuma sun ninka fiye da haka, musamman a Magariya, Matamai da Mirriya. Ƙiyasin da aka buga a 2009 ya nuna hekta wajen miliyan 5 da aka farfaɗo, itatuwa wajen miliyan 200, da ƙarin hatsi da dawa kimanin tan 500.000 kowace shekara. A yunwar 2005, gidajen da suke da itatuwa sun samu icce, ganye da ƴaƴa na sayarwa don awon hatsi, ba su yi gaggawar rabuwa da dabbobinsu ba. A 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo ta duniya a ƙasar Suwidin. Amma hannuwan da suka riƙe addar na talakawanmu ne.

Kada mu wuce gona da iri. Sassabe zamani bai kori talauci daga karkara ba, bai hana gonaki ƙanƙancewa saboda rabon gado ba, kuma ba ya saukar da ruwan sama. Wanda fari ya cinye gonarsa ba shi ya jawo wa kansa ba. Haka kuma hukuma tana da nata kason. Mutum ba ya ɗaukar nauyin abin da aka ce ba nasa ba ne: aikin ya ƙara ƙarfi ne lokacin da ma'aikatan gandun daji suka sassauta, aka kafa dokar filayen karkara a 1993, aka sake dokar daji a 2004, sannan a ranar 30 ga Yuli 2020 aka sa hannu kan dokar da ta amince wa manomi da morar iccen da ya raina. Sai dai a lura da jerin shekarun: manoma ne suka yi gaba, doka ta biyo su a baya. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, mutanen gari da kansu suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, da maza da mata da Fulani makiyaya, suka tsara nasu sharuɗɗa da tara.

Kututturen da yake gonar kowa

To, kai Malam ma'aikaci, da kai Alhaji ɗan kasuwa, ina naku tohon? Waɗanda suka manyanta ba su manta da karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994 ba, ko watannin da aka yi ta bin gwamnati bashin albashi a shekarun nan. Babu wanda ya zaɓi wannan. Amma a bariki ɗaya, da albashi ɗaya, an ga wanda ya fito da ɗan fili da garken tumaki, an ga kuma wanda ya fito da bashin mai kanti da na bikin da ya fi ƙarfinsa.

Ma'aikaci ba shi ne yake yanke yawan albashinsa ba. Amma shi yake zaɓen lokacin da zai iso wurin aiki, shi yake zaɓen ko takardar talaka za ta kwana ɗaya ko wata uku a kan teburinsa, shi yake zaɓen miƙa hannu ko janye shi in an zo da abin goro. Ɗan kasuwa ba shi da iko da canjin naira ko kuɗin duwan. Amma shi yake zaɓen riƙe littafin lissafi, da raba uwar kuɗi da kuɗin cefane, da cika mudu, da sa yaronsa lakkwal ko barinsa gaban shago. Uba ba shi da tabbacin abin da ɗiyarsa za ta zama, amma shi ake tambaya ranar da za a cire ta daga aji. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙaramin toho ne, wanda ake iya sarewa da sara guda ba tare da kowa ya tanka ba, domin haka aka saba. Wanda ya bar nasa ya tsaya zai sha dariyar abokai kamar yadda manoman 1985 suka sha, kuma ba zai ga amfani a watan farko ba.

Malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa dogaro ga Allah yana tafiya tare da ɗaure raƙumi. Imani da ƙaddara yana sanyaya zuciya a kan abin da ya fi ƙarfin bawa. Bai kamata ya zama mayafin rufe sakaci a kan abin da aka damƙa masa a hannu ba. Alamar wanda ya ɗauki nauyin kansa ita ce ya iya cewa: wannan ni na zaɓa, in ya yi kyau alhamdu lillahi, in ya ɓaci ni zan gyara.

Duk mai bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram da rani ya dubi dama da hagu. Gawon da kalgon da yake gani cikin gonaki yawancinsu ba dasa su aka yi ba. Wani talaka ne, wata bazara, ya ɗaga adda zai sare, sai ya fasa. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Allah ya ba mu ikon gane abin da yake hannunmu, ya kuma ba mu ƙarfin zuciyar riƙe shi, amin.