Mawaƙin Biki da Neman Abinci: Abin da Ke Sa a Sake Kiran Mutum

Da wuya ka shiga unguwa a Kano, Kaduna, Jos ko Zariya ka rasa situdiyo: ɗaki guda, kwamfuta, fiyano da makirfo, samari sun yi layi kowa da baitocinsa a waya. Shiga waƙa ya yi sauƙi. Wahalar tana wajen cin abinci da ita wata goma sha biyu a shekara. Da yawa sun yi waƙa ɗaya ta zaga gari, aka yi ta kiransu biki, kafin shekara ta zagayo wayarsu ta daina ƙara. Sau tari ba murya ce ta gaza ba, mu'amala ce.

A da makaɗin fada ba ya wannan fargaba, domin yana da ubangida. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, Salihu Jankiɗi kuwa Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Hatsi, sutura, doki, muhalli, duk suna wuyan fada. Mawaƙin yau ba shi da wannan inuwa, don haka ya fi kusa da tafarkin Mamman Shata, wanda bai ɗaure kansa a ƙofa ɗaya ba. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa attajirai, ya yi wa direbobi da manoma, ana kiransa har ya rasu a 1999. Barmani Choge ta riƙe taron mata da ƙwaryarta har 2013. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa kaɗai ya zaga duniya. Kowannensu ya tara iyayen gida masu yawa, in wannan ya rufe ƙofa wancan ya buɗe.

To su wa ke ba da aiki a yau? Masu bibiyarka a TikTok suna sa a san sunanka, amma ba su ke ɗauko ka ba. Masu ɗauko mawaƙi su ne uwar biki, ƙawayen amarya, mai gabatar da taro, mai sa kiɗa, mai ɗakin taro, mai ɗaukar hoto, har da mai yi wa amarya kwalliya. Waɗannan kowane mako suna wurin biki, kuma su ake tambaya, "Wa za mu kira?" Wanda ya shigo yana hura hanci, bai gaida mai kayan sauti ba, ya daka wa yaron janareto tsawa, ya sani ya rage wa kansa kasuwa. Sannan a cikin 'yan matan da ke rawa a gabanka akwai amaren baɗi, iyayensu na zaune suna kallon yadda kake.

Abin da iyayen ke kallo kuwa ƙanana ne. Na farko lokaci. Ɗakin taro da awa ake kama shi, in an ce ƙarfe huɗu ka zo shida, ka cinye kuɗin mutane. Mafi muni shi ne karɓar biki biyu a yamma ɗaya, ka leƙa nan ka yi waƙa biyu ka ruga can. Ka ci kuɗi biyu a ranar, ka rasa gida biyu har abada, domin labarin mawaƙin da ya kunyata amarya ba ya kwana. Na biyu sunaye. A karɓi jerin sunayen dangin ango da na amarya a rubuce tun kafin ranar, a tambayi wa ke raye wa ya rasu, wa ke gidan wa ya fita. An sha ganin taro ya dagule saboda an wasa matar uba an manta uwar amarya. Haka in wata ta matso ta cusa maka kuɗi ta ce ka yi wa kishiyarta habaici, ka yi murmushi ka wuce. Dubu biyar ɗinta ba za ta biya maka zumuncin da za a ce kai ka raba ba.

Sai maganar kuɗi, inda yawancin kuka yake. Kada a tashi daga gida ba a karɓi kafin alƙalami ba, rabin kuɗin in da hali, ragowar kuma kafin a ɗauki makirfo. Da zarar an watse, uwar biki ta gaji, ango ya kashe waya, sai ka koma mai bin bashi. A rubuta yarjejeniya ko da a saƙon WhatsApp ne: rana, wuri, awa nawa, mutum nawa za ka zo da su, wa zai biya kuɗin mota da masauki, wa zai kawo kayan sauti da man janareto, kuma ina makomar kafin alƙalami in an ɗaga biki ko an fasa. Wasu na ganin wannan rashin kunya ne tsakanin 'yan'uwa. Ni dai a ganina rigimar bayan biki ta fi shi zubar da mutunci. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai kan iya cinye ribar wasan da aka yi cinikinsa da ka. In kuma ta hannun dillali aikin ya zo, a san la'adarsa, a kuma ji muryar mai bikin, don akan karɓi dubu ɗari uku da sunanka a miƙa maka dubu ɗari. Saƙon shigar kuɗi ma ana ƙirƙirar na bogi, sai an duba asusu an ga kuɗin sun zauna.

Akwai tarkon da ya fi kama sababbi: "Ka zo kawai, manyan mutane za su halarta, liƙi ma ya ishe ka." Liƙi kyauta ce, ba lada ba. Waɗanda suka dogara da shi sun ji jiki a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo aka riƙa biki ba mai ɗaga hannu. Ga kuma doka. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira, taka ta ko rawa a kanta, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira dubu 50 ko duka biyun. Shekaru dokar tana kwance, amma daga 2024 hukumar EFCC ta tashe ta, a 2025 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta hukunta wani fitaccen mawaƙin Hausa a kan haka. Hoton bidiyon da kake ɗorawa don talla shi ne shaidar da za a gabatar. A ajiye kwando ko faranti a gaba, a rubuta lambar asusu a allo, mai son yin kyauta ya yi.

Hukuma ma sai an san da ita. Kano na da Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i tun 2001, kuma mawaƙa na ƙarƙashinta. An ɗaure Adam A. Zango a 2007, an kama Aminu Ala a 2009, an kama Naziru Sarkin Waƙa a 2019, duk a kan batun sakin aiki ba tare da amincewar hukumar ba, ko da yake mutane da dama na ganin akwai siyasa a wasu daga ciki. A 2025 hukumar ta hana bikin ƙauyawa. A wasu garuruwan Hisbah ko masarauta kan taƙaita kiɗan dare ko cakuɗuwar maza da mata. Wanda aka gayyata wata jiha ya tambayi dokar garin kafin ya ɗora kaya a mota, don in aka zo kame, kayan sautin ake fara kwashewa, galibi kuma na haya ne. Ya kuma yi lissafin kwana a can. Domin hanyoyi da yawa a Arewa ba a bin su da dare yanzu.

Waƙar siyasa tana da maiƙo, ba mai musu. A wata uku na kamfe mutum kan samu abin da bai samu a shekara biyu ta biki ba. Sai dai kakarta sau ɗaya ce a shekara huɗu, ɗan takarar da ya faɗi ba ya biyan bashi, wanda ya ci kuma ganinsa sai an cika takarda. In ka zagi ɓangare guda, ka rufe wa kanka rabin gidajen gari. Har ta kan wuce haka: bayan zaɓen gwamna na Maris 2023 an cinna wa gidan mawaƙi Dauda Kahutu Rarara wuta a Kano. In za a yi, a yabi gwani a bar zagin abokin hamayya, a kuma karɓi kuɗi a hannu.

Sana'ar tana da rani da damina. Ana rububin aure kafin azumi, bayan salla, da kaka in amfanin gona ya shigo, da kuma ƙarshen shekara. Da azumi ya kama sai shiru. Kullen korona na 2020 ya nuna shirun kan iya kai watanni. Mai hankali yakan shiga adashi a lokacin ciniki, ya kuma riƙe wata hanyar: waƙar talla ga gidajen rediyo da 'yan kasuwa, waƙar fim, waƙar amarya da ake naɗa a situdiyo a aika ba sai an je ba, koyar da fiyano, ba da hayar lasifika. Da yawa daga makaɗan dā ma manoma ne, ba su ɗauki riƙe fartanya abin kunya ba. A lokacin shirun ne kuma mallakar waƙa ke da rana. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ba mai waƙa iko a kan aikinsa, amma in ka sayar da ita ɗungurungum a kan kuɗin cefane, ka sayar ke nan. Shafin YouTube ko Audiomack a buɗe shi da sunanka da lambarka, kada ya zama a hannun yaron situdiyo, don ranar da kuka ɓata da shafin zai tafi.

Yaran da ke bayanka, 'yan amshi da makaɗa da mai ɗaukar kaya, a sallame su a daren, a gaban juna, bisa rabon da aka amince tun farko. Ƙungiyoyi da yawa a kan rabon kuɗi suka watse, kuma yaron da ya tafi da fushi yakan tafi da lambobin iyayen biki. Game da jiki kuwa, masu cewa sai an sha wani abu ake iya tsayuwa gaban taro suna kai mutum su baro ne. Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma ƙwayoyi irin su tiramol suna nan suna yawo a bayan fage. Suna dushe murya, suna sa mutum ya manta sunan ango, kuma uwar bikin da ta ga idon mawaƙi ya juye ba ta sake neman lambarsa. Mai tsayuwa kusa da lasifika kowane mako ya nemi abin toshe kunne, in kuma murya ta dushe ta haura mako biyu ba ta dawo ba, a je asibiti wajen likitan kunne da maƙogwaro.