Yadda ake farfaɗo da tsoffin gine-ginen masana'antun Kano

Tun bayan ɓullo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, masana'antu da dama sun rufe a Bompai da Sharada da Challawa, inda ƙarancin wutar lantarki ya ƙara durƙusar da su.

Wasu gine-ginen sun koma rumbunan ajiya, ƙanana kuwa akan gyara su don masu sana'a.

Galibi bangon bulo yakan jure, rufin ne matsala. Kafinta kan sauke ruɓaɓɓen kwano, ya ɗaura sabon katako daga kudu, bayan an shafe shi da baƙin mai saboda gara.

Katako ya fi ƙarfe araha, amma bai da wuyar kama wuta, musamman inda janareta ke aiki kusa da dusar katako.