Tsohon laifi da neman aikin gandu a Amurka

Duk wanda ya taɓa ajiye takardun neman aikin gwamnati a Yamai ko Damagaram ya san takardar nan ta tribinal da ake kira kaziye, mai nuna ko alƙali ya taɓa yanke ma mutum hukunci. A Amurka ma ana yin irin wannan bincike ga mai neman aiki a gandun daji na ƙasa ko filin wasan yara na unguwa, kai, har ga mai aikin sa kai wanda ba ya jiran albashi.

An kafa hukumar kula da manyan gandayen Amurka a 1916, kuma tun 1970 doka ta ba ta izinin karɓar ƴan sa kai. A da, takardar neman aiki tana ɗauke da wani gurbi inda ake tambayar mutum ko an taɓa hukunta shi. Wanda ya amsa da e, sau da yawa nan zancensa ke ƙarewa. Jihar Hawai ce ta fara hana yin tambayar tun da fari, a 1998. A 2019 majalisar dokokin ƙasa ta yi doka wadda ta hana ma'aikatun tarayya yin ta sai bayan sun yi ma mutum tayin aiki, in ban da wasu ayyuka kamar na tsaro.

Ke nan tsohon laifi ba ya rufe kowace ƙofa. A 2012 hukumar yaƙi da wariya wajen ɗaukar aiki ta shawarci masu ɗauka su duba abu 3: irin laifin, shekarun da suka wuce, da irin aikin. Wanda ya yi sata da ƙuruciya ba a ba shi ajiyar kuɗin shiga, amma yana iya dashen itatuwa ko gyaran hanya.

Sai dai akwai ƙofofi 2 masu wuyar buɗewa. Ta farko ita ce ta yara. Dokar jihar Kalifoniya ta hana birane su ɗora wanda aka hukunta bisa wasu laifuka, kamar lalata da yara, a kan kula da yara cikin filayen wasa, ko da ɗan sa kai ne. Ta biyu ita ce ta bindiga. Dokar tarayya ta hana riƙe ta ga wanda ya aikata laifin da ɗaurinsa ke iya wuce shekara 1, don haka ba zai zama mai gadin gandu mai makami ba.

Ko da haka, hanyar wanke suna tana nan. A 2020 Kalifoniya ta yarda ƴan kaso da suka yi aikin kashe gobarar daji su roƙi alƙali ya share musu laifinsu bayan an sallame su, in ba laifi ne mai tsanani kamar kisan kai ba. Wanda ya tari wuta domin jama'a, jama'a ta ba shi damar neman abincinsa.