Tandang Sora: Tsohuwar da Jaridun Filifin Ke Kira Uwa

Uwargida, idan kika buɗe jaridun ƙasar Filifin ranar 30 ga Disamba, da wuya ki rasa hoton mutum ɗaya a shafin farko: Jose Rizal, likitan ido kuma marubuci, wanda Turawan Sifen suka harbe a birnin Manila a irin wannan rana a shekarar 1896. Ranar hutu ce a ƙasar, shugabanni kan je su ajiye furanni a gaban dutsen tunawa da shi, 'yan jarida na biye da su. Andres Bonifacio, wanda ya jagoranci ƙungiyar 'yan gwagwarmaya ta Katipunan, shi ma yana da tasa ranar, 30 ga Nuwamba.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne, babu wata doka a Filifin da ta ayyana wani da sunan gwarzon ƙasa a hukumance. A 1995 wani kwamiti da Shugaba Fidel Ramos ya kafa ya miƙa sunayen mutum 9, amma ba a zartar da komai a kai ba. Ke nan jaridu da littattafan makaranta su ne ke riƙe da wuƙa da nama: wanda suka yawaita ambata shi yara ke sani. A cikin taran nan akwai Sultan Kudarat, sarkin Musulmin Mindanao da ya yi ta gwabzawa da Sifen, amma ambatonsa bai kai na Rizal ba ko kusa. Mata kuwa biyu ne, Gabriela Silang da Melchora Aquino. Ta biyun nake so mu tsaya a kanta.

An haifi Melchora ranar 6 ga Janairu 1812 a Banlat, kusa da Manila. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya 6, ita ta raine su. Lokacin da tawaye ya ɓarke a watan Agusta 1896, shekarunta 84, ana kiranta Tandang Sora, wato Tsohuwa Sora. Ta buɗe rumbunta ta ciyar da mayaƙan Katipunan, ta ba su wurin taro a ɓoye, ta yi jinyar waɗanda suka ji rauni. Cikin watan nan hukuma ta kama ta. Aka matsa mata da tambayoyi kan Bonifacio da mutanensa, ta ƙi buɗe baki. Sai aka kore ta zuwa tsibirin Guam, ba ta dawo gida ba sai 1903, bayan mulki ya koma hannun Amurka. Ta rasu a 1919 tana da shekara 107.

To, yaya jaridu ke nuna ta? Tsohuwa ce mai kallabi da fuskar tausayi, laƙabinta Uwar Katipunan ko Uwar Juyin Juya Hali. A 2012, da ta cika shekara 200 da haihuwa, aka mayar da ƙasusuwanta Banlat inda aka gina mata wurin tunawa, jaridu suka cika da labarinta, mafi yawa na girki da jinya. Ba na raina girki, kin san aikin ciyar da gayya ba wasa ba ne, balle gayyar da hukuma ke farauta. Amma a ganina an fi jin daɗin ba da labarin tukunyarta fiye da na shirunta. Mace mai shekara 84 ta san kalma ɗaya daga bakinta na iya sa a bar ta ta koma cikin jikokinta, ta zaɓi ta riƙe amanar 'ya'yan wasu, ta yi sama da shekara 6 a baƙon wuri. Yarinyar da ta tashi da hoton mai kallabi kaɗai za ta ɗauka gudummawar mata ta tsaya a bakin murhu.

Har kuɗin ƙasar ya shiga zancen. Tandang Sora ce 'yar Filifin ta farko da aka sa hotonta a takardar kuɗi, ta peso 100, daga baya aka mayar da ita kan ƙaramin kwabo na sentabo 5, shi ma ya shuɗe. A 2022 babban bankin ƙasar ya fito da sabuwar takardar peso 1,000 ta roba, ya sa hoton gaggafa a gurbin gwarzaye uku da Japanawa suka kashe a Yaƙin Duniya na Biyu. Ɗaya daga cikinsu mace ce, Josefa Llanes Escoda, wadda ta kafa ƙungiyar 'yan mata 'yan sikawut ta ƙasar. Nan kam jaridu sun yi abin a yaba: suka ba iyalan mamatan da malaman tarihi fili suka faɗi ɓacin ransu. Bankin ya ce tsohuwar takardar za ta ci gaba da yawo tare da sabuwar, amma a ƙarshen 2024 ya ƙara fito da wasu takardun roba, su ma da hotunan dabbobi da tsuntsaye.