Da me ake auna darajar yakutu?

Labarin haƙar shuɗin yakutu a tsaunin Mambila na Jihar Taraba ya sha fitowa a jaridu. To, me ake dubawa kafin a yi wa dutsen kuɗi?

Launi ne kan gaba. Ana so ya cika, kada ya dushe, kada kuma ya yi duhu. Gwanaye kan duba shi da hasken rana, domin fitilar shago takan rufe aibi. Launi ne ya ɗaukaka jan yakutun Mogok na ƙasar Myanmar, wanda 'yan kasuwa ke kira jinin tattabara.

Sai tsabta. Da madubi mai ƙara girma sau 10 ake neman tsaga a ciki. Yanka mai kyau yana maido da haske. Nauyi kuwa da karat ake aunawa, karat 5 giram 1 ne.

Yawancin yakutun kasuwa an gasa shi don launi ya fito, wanda ba a gasa ba ya fi tsada nesa. Mahaƙin da bai san darajar dutsensa ba, dillali ke cin ribar. Mai son a ƙera masa zobe kuwa sai ya nemi takardar gwaji, domin akwai yakutun jabu.