Kyauta da Lokacinta: Dukiyar Iyali da Kuɗin Jinyar Tsofaffi a Amurka

Jinyar tsoho iri biyu ce. Akwai wadda ake yi a asibiti, a warke ko a cika cikin 'yan makonni. Akwai kuma ta wanda ƙarfi ya ƙare masa ko ruɗewar tsufa ta kama shi, wanda kullum sai an tashe shi, an yi masa wanka, an ba shi abinci a baki, an kai shi makewayi, har tsawon shekara uku ko biyar. Wannan ta biyun ita ce mai cinye dukiyar gida. A ƙasar Amurka, inda 'ya'ya kan watse garuruwa masu nisa neman abinci, sau da yawa gidajen kula da tsofaffi ne ke ɗaukar wannan aiki, kuma tun a shekarar 2021 matsakaicin kuɗin ɗakin mutum ɗaya a irin waɗannan gidaje ya haura dala 100,000 a shekara. Abin da mutum ya tara cikin shekara arba'in yana iya ƙarewa cikin shekara biyu.

A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar da ta kafa shirye-shirye biyu, watau Medicare da Medicaid. Na farkon inshorar lafiya ce ta waɗanda suka kai shekara 65, amma ba ya biyan kuɗin doguwar kulawa, sai dai abin da bai wuce kwana 100 ba bayan an sallami mutum daga asibiti, su ma bisa sharuɗɗa. Na biyun kuwa, wanda Gwamnatin Tarayya da jihohi ke haɗa kuɗinsa, shi ne ke biya, amma fa na matalauta ne. A galibin jihohi sai abin da mutum ya mallaka bai wuce dala 2,000 ba, ban da gidan da yake zaune da motarsa da kayan ɗaki. Ma'ana ke nan, mai matsakaicin hali zai yi ta biya daga aljihunsa har ya talauce, sa'an nan hukuma ta karɓe shi.

Dabarar da za ta fara zuwa wa kowa a rai ita ce tsoho ya rarraba wa 'ya'yansa dukiyar, ya je wa hukuma hannu rabbana. Majalisar dokokin ƙasar ta daɗe da gano wannan, saboda haka ta kafa ƙa'idar waiwaye. Idan mutum ya nemi taimakon Medicaid, sai a binciki duk abin da ya kyautar ko ya sayar a kan farashin da bai kai ba. A 1988 wata 30 ake waiwayawa, a 1993 aka mai da shi wata 36, dokar da aka sa wa hannu a Fabrairun 2006 kuma ta kai shi wata 60, watau shekara biyar cur. Hukuncin lissafi ne kawai: a raba kuɗin da aka kyautar da matsakaicin kuɗin wata ɗaya na gidan kula da tsofaffi a jihar. Alal misali, wanda ya ba ɗansa dala 90,000 a jihar da wata yake cin dala 9,000, za a hana shi taimako wata goma. Inda dokar 2006 ta fi tsanani shi ne, wa'adin hanin ba ya farawa daga ranar kyautar, sai daga ranar da tsohon ya riga ya kwanta, hannunsa kuma ya bushe. In ɗan ya riga ya kashe kuɗin, to iyali sun shiga uku.

Har an taɓa wuce gona da iri. A 1996 an mai da irin wannan kyauta laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Jama'a suka yi ca, aka sauya dokar a 1997 ta koma kan lauyoyin da ke ba da shawarar, a 1998 kuma wata kotun tarayya a jihar New York ta hana a yi aiki da ita.

Ɗaliban fiƙihu ba za su ga baƙon abu a nan ba. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta hannu kafin mai bayarwa ya mutu, ko ciwon ajali ya kama shi, ko bashi ya cinye dukiyarsa. Kyautar mai ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka, ba ta wuce sulusi. Shari'a magada da masu bin bashi take karewa, dokar Amurka kuma baitulmali, amma dukkansu lokacin kyautar suke duba.

To, ta wace hanya iyali ke tsira da wani abu? Ta farko ita ce hakkin abokin zama. Tun 1988 doka ta yarda matar da mijinta ya kwanta, ko mijin da matarsa ta kwanta, ya riƙe gida da wani kaso na dukiya, wanda iyakarsa a 2024 ta kai dala 154,140. Kyauta ga miji ko mata, ko ga ɗa makaho ko naƙasasshe, ba ta jawo hukunci. Haka kuma ana iya mallaka gida ga ɗa ko 'yar da ta zauna a cikinsa shekara biyu tana jinyar mahaifi, har jinyar ta jinkirta kai shi gidan tsofaffi. Wannan sashe na dokar ya fi saura adalci, domin shi kaɗai ne ya lissafa wahalar mai jinya a matsayin abu mai daraja.

Gidan da aka ƙyale wa tsoho ma ba a ƙyale shi har abada ba. Dokar 1993 ta wajabta wa jihohi su bi abin da suka kashe a kan wanda ya kai shekara 55 daga cikin abin da ya bari, sai dai ba a taɓawa muddin abokin zamansa na raye, ko akwai ɗa da bai kai shekara 21 ba, ko naƙasasshe. Magada da yawa sai bayan jana'iza suke ganin takardar.

Saboda haka masu hali kan sayi inshorar doguwar kulawa tun suna da lafiya, ko su sa gida da kadarori cikin riƙon amana wanda ba a warwarewa, abin da ya yi kama da waƙafi ta wata fuska. In shekara biyar ta cika bayan haka, hukuma ba ta lissafa kadarorin. Sai dai mai shekara 65 da ya yi haka ya saki dukiyarsa ke nan tun yana da ƙarfi, ba shi da ikon sayar da gidan ko taɓa uwar kuɗin, sai abin da amintacce ya zartar bisa takardar da shi kansa ya sa wa hannu.