Lasisin nukiliya: Wace hanya jama'a za su bi idan hatsari ya auku?

Ƙa'idojin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, sun tanadi cewa kafin tashar nukiliya ta fara aiki, sai an tsara yadda za a kwashe jama'a idan hatsari ya auku: wa zai yi shela, wace hanya za a bi, ina za a tsugunar da mutane.

Wannan sharaɗi ne ya durƙusar da tashar Shoreham a Amurka. An kammala ta a 1984, amma hukumomin jihar New York suka dage cewa ba za a iya kwashe mazauna tsibirin Long Island lafiya ba. A 1989 aka amince a rufe ta.

A Najeriya, na'urar nukiliya ɗaya ce ke aiki, wato NIRR-1 da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tun 2004. Ƙarama ce, ta bincike, wadda ta fara aiki da ƙarfin kilowat 30. Sai dai a 2017 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha kan manyan tashoshi, kuma an ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom. Hukumar NNRA ce ke ba da lasisi.

Tsari a takarda bai isa ba. Mutanen Dogon Dawa, a hanyar Birnin Gwari zuwa Funtuwa, sun ga shekarun da 'yan bindiga ke tare matafiya, kuma a 2021 an katse layukan waya a yankin. Inda hanya ta toshe, waya ta mutu, ba a kwashe kowa. Don haka wajibi ne NNRA ta bayyana wa jama'a tsarin, a gwada shi a fili, kafin ta sa hannu.